Harafin da Ya Bi Mu Har Akra

Tun da na dawo daga Gana ban zauna a bakin shagona na sha ruwa cikin natsuwa ba. Wannan ya zo ya ce, "Alhaji, ya ƙasar mutane?" Wancan ya ce, "An ce har teku ka gani?" Na gaji da cewa sai godiya, don duk wanda na amsa wa haka ya san ban gaya masa komai ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ba labari ne mai daɗi ba, na gaya muku tun yanzu.

Ga wanda bai san ni ba, atamfa da shadda nake sayarwa a Kasuwar Muda Lawal, gidana kuma yana Ƙofar Dumi. Bokona bai wuce firamare ba. 'Yata Hauwa'u, wadda ta ci sunan mahaifiyata har nake ce mata Uwata, ita Allah Ya ba abin da bai ba ni ba. Tun tana ƙarama ba ta taɓa kawo sakamako na ji kunya ba. Da ta gama sakandare, malaminta na kimiyya ya zo har gida ya ce akwai wata jami'a a ƙasar Turawa, cikin masu nema sai ɗaiɗai ake ɗauka, amma wanda aka ɗauka su za su ɗauki ci da sha da karatunsa. Ya ce a duk yaran da ya koyar, ita kaɗai yake ganin za ta iya gwadawa. Ya ce kuma sau ɗaya ake nema, ba a maimaitawa.

Wata biyu ta yi tana rubuta takardar da ake bayyana kai a ciki. Aikin injiniya na ruwa take so, saboda rijiyar gidanmu da ke ƙafewa duk bazara. Ranar rufe karɓar takardu ta faɗo Juma'a. Na ɗauke ta a babur zuwa shagon kwamfuta na Madam Ifeoma, wata 'yar Ibo da ta daɗe a Bauchi. Aka gama cike komai, Uwata ta ce bari ta ƙara karantawa sau ɗaya. Na duba agogo, an kusa fara huɗuba. Na ce, "Uwata, takardar nan kin karanta ta har kin haddace. Danna ki aika mu tafi." Ta dube ni, ta danna.

Washegari da hantsi na dawo gida ɗaukar wani abu, na tarar da ita zaune a tsakar gida da kwafin takardar a cinyarta. Ta nuna mini layin farko. A cikin sunan jami'ar kanta, harafi ɗaya ya faɗi. Ni ko da ta nuna mini ban gani ba. Muka koma wurin Madam, ta ce ba a gyarawa in an aika. Ta ce, "Alhaji, ba komai ne. Oyibo ba shi da lokacin duba wannan." Bature take nufi. Uwata ta ce, "Madam, kamar ki je neman aiki gidan mutum ne ki kasa kiran sunansa daidai."

Bayan wata uku saƙo ya zo cewa tana cikin waɗanda za a yi wa ganawar baki da baki, a Akra, inda za a tara yaran wannan yanki gaba ɗaya. Na ce, "To kin gani? Da harafin ya dame su da ba su kira ki ba." Ta ce wataƙila na'ura ce ta yi tankaɗen farko, yanzu ne mutane za su karanta. Sun aiko da abin da zai kai ta a jirgi ita kaɗai. Mahaifiyarta ta ce ba za ta yarda yarinya ta tsallaka ƙasa uku babu muharrami ba, ni ma ban yarda ba, sai muka yanke mu bi ta mota mu biyu.

Mun tashi bayan sallar asuba. Daga Bauchi zuwa Jos hanyarmu ce, babu abin faɗa sai sanyi. Abin da na lura shi ne tun kafin mu kai Toro ta fito da takardar, da jan biro. Ta zagaye wurin da harafin ya faɗi har takardar ta kusa hujewa. A Akwanga direba ya tsaya cin abinci, na sayo mata doya da ƙwai, ta ci loma biyu ta ce, "Baba, a sakin layi na uku ma akwai inda ya kamata in sa waƙafi ban sa ba." Na ce Allah Ya kyauta. 

Mun kwana a Mararraba gidan ƙanena, washegari muka kama hanyar Legas. Wannan hanya ba na yi wa maƙiyina fatanta. Mota ta lalace mana bayan Lokoja, muka yi awa huɗu a ƙarƙashin mangwaro ana neman makaniki. Sauran fasinja suna zagin direba, wata mata tana sayar mana da soyayyen kifi, Uwata kuwa tana gefe tana maimaita amsoshinta da Turanci a hankali, in ta yi tuntuɓe a kalma sai ta koma farko. A Legas mun sauka Agege, cikin Hausawa. Ba abin da zan ba ku labari a can sai cewa mutanen Legas ba sa tafiya, gudu suke yi, kuma wanda ka yi wa sallama a hanya sai ya ɗauka roƙo za ka yi.

A motar da ta ɗauke mu zuwa iyaka muka haɗu da Alhaji Mumuni. Dattijo ne ɗan kasuwar goro, haifaffen zangon Nima a Akra, kakansa daga Kano ya je can bai dawo ba. Hausarsa ta ba ni dariya da farko. Ya dubi Uwata ya ce, "Wannan yarinyanka ne? Ya gaji sosai. Kana lafiya, yarinya?" A Bauchi ma muna jin irin wannan a bakin baƙi, amma ban taɓa ji a bakin mai farin gemu da ya ce shi Bahaushe ne ba. Da ya ji abin da zai kai mu, ya ce babu maganar masauki, gidansa za mu sauka.

A iyakar Seme ne na yi nawa kuskuren. Aka ce kowa ya fito da katin allurar shawara, na laluba aljihu babu. Na bar shi a aljihun ɗaya rigar, a Agege. Dole aka kai ni wani ɗaki aka sake yi mini allurar, hannuna ya kumbura har kwana uku ban iya ɗaga shi sosai ba. Ina fitowa na tarar da Uwata a layi, fasfo a hannu ɗaya, takardar gayyata a ɗaya, fuskarta ta yi fari.

"Baba, duba. A fasfo Hauwa aka rubuta. A fom Hauwa'u na rubuta."

"To ai duk ke ce."

"Sun ce dole sunan ya zama daidai da na fasfo. Na karanta, na manta."

A tsallaken Binin wani ma'aikaci ya buɗe babban littafi yana rubuta sunayen masu wucewa. Ya dubi fasfonta ya rubuta Awa, haka nan harafi uku. Ta buɗe baki za ta yi magana, Alhaji Mumuni ya ja hannun rigata ya ce mu wuce. Ya ce mata, "Ni na fi shekara talatin ina bin hanyan nan. An rubuta ni Mumuni, an rubuta ni Mamuni, wani ya taɓa rubuta ni Maimuna. Har yau in na koma gida matana yana gane ni." Duk motar aka yi dariya ban da ita. Ta yi murmushi don girmama shi, ta koma kan takardarta.

A Kwatano na ga mata a kan babur, ba ɗauko su aka yi ba, su ke tuƙi, da kaya a baya da jariri a goye, ba mai ko kallonsu. Na ga ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi kamar manja. A Lome kuwa hanya ta bi ta gefen teku. Ku da kuke tambayata teku, ruwa ne da ba shi da tsallake, yana tasowa yana faɗuwa, ba ya hutawa. Na taɓa ta na ce ta duba. Ta ɗaga kai ta ce, "Masha Allah," ta sunkuyar. Yarinyar da tun tana ƙarama take tambayata ina ruwa yake zuwa.

Mun tsallaka Aflawo, muka shiga Akra da la'asar. Nima unguwa ce matsattsiya kamar lungunan Ƙofar Dumi, ga masallatai, ga masu shayi, ga Hausa a ko'ina, sai dai an gauraya ta da wasu harsuna har sai ka kasa kunne sosai. Matar Alhaji, Hajiya Adiza, ta karɓi Uwata kamar 'yar cikinta. Da safe aka kawo mana koko da ƙosai, kuma wai a duk garin kokon Hausa ake ce masa. Shinkafa da wake ma suna nan, sunanta wace, ana dafa ta da karan dafi ta yi ja, a zuba taliya da garin rogo da baƙin yaji a kai. Wannan na ci na ƙoshi. Amma akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, a ci da kifi da ɗanyen barkono. Na ci don kada a ce na raina, cikina ya yini yana yi mini faɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutuwa. A wajen zango, duk bango hotunan mamata ne, manya, masu launi, kamar na 'yan siyasa. Alhaji ya ce sai a ajiye gawa wata biyu, uku, ana shirin biki, ranar Asabar a sa baƙi da ja a yi kiɗa. Na tuna mahaifina da ya cika da hantsi, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Na ce wa Alhaji ni dai namu ya fi mini, a rufe abu a huta. Ya ce, "Haka ne. Ajiye gawa a gida wahala ne." Yana faɗa yana duban ɗakin da Uwata take.

Ranar ganawar mun tashi da ruɗani. Agogon hannuna yana kan lokacin Najeriya, ashe su suna bayanmu da awa ɗaya. Na ɗaga hankalin kowa cewa mun makara, muka fita ba karin kumallo, muka isa otal ɗin ana shara. Wuri ne mai sanyi kamar cikin firij. Muka zauna muna kallon sauran suna isowa. Yara ne da kwat da takalma masu sheƙi, suna Turanci da iyayensu kamar da shi aka yaye su. Ni ina cikin shaddata mafi kyau, amma a ranar ji na yi kamar buhu na sa.

Wani mutum ya zauna kusa da ni ya yi mini sallama da Hausa. Likita ne daga Legas, ya ce a Misau ya yi bautar ƙasa, ya ji daɗin ganin mutumin Bauchi. Mutumin kirki ne, ba na zarginsa da komai. Hira muke yi ya ce takardar ɗansa sai da mutum uku suka duba ta kafin a aika, ɗayansu ma a jami'ar ya yi karatu. Ya ce, "Alhaji, mutanen nan dalili suke nema su rage yara. Waƙafi ɗaya sai ya kayar da yaro." Na waiga. Uwata tana kusa da mu, ta ji duka. Na so in ce wani abu, aka kira sunanta.

Ba ta fi minti ashirin a ciki ba. Ta fito ta ce mu tafi.  Sai da muka koma Nima, bayan azahar, muna zaune a barandar Alhaji, ta gaya mini.

"Su uku ne, Baba. Mace ɗaya, maza biyu. Matar ta yi murmushi ta ce in gaya musu labarin rijiyar gidanmu, wai ya burge ta."

"To, alhamdu lillahi."

"Ban gaya musu ba. Na ce kafin komai ina neman afuwa a kan kuskuren da na yi a sunan makarantarsu."

"Sai suka ce me?"

"Matar ta ce wane kuskure. Suka duba takardar su uku. Sai da na nuna musu layin. Ɗaya ya ce, oh, bai lura ba. Ya ɗauki biro ya yi wata alama."

"Alamar me?"

"Ban sani ba. Daga nan na ce akwai maganar suna a fasfo. Suka ce wannan aikin ofis ne, in bar shi. Matar ta sake tambayata rijiya. Baba, na buɗe baki, duk abin da na haddace ya tafi. Idona yana kan biron nan. Na yi magana, amma ban san me na faɗa ba."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Hajiya Adiza ta kawo abinci ta zauna kusa da ita tana shafa bayanta, tana cewa, "Ka ci, ɗiyana, ka ci." Alhaji ya ce mu ƙara kwana biyu ya zaga da mu gari. Na yi godiya na ce gida ya fi. Da za mu rabu ya cika mini leda da goro, ya riƙe hannuna ya ce, "In an ɗauka ka kira ni. In ba a ɗauka ba ma ka kira ni."

Dawowa ba ni da abin faɗa a kai. Iyakokin nan dai, motocin nan dai. Bambancin kawai shi ne ba ta fito da takardar ba ko sau ɗaya. Tagar mota ta yi ta kallo har Bauchi, kuma ban yi zaton tana ganin komai ba.

Sati uku bayan nan saƙon ya zo. Muka je shagon Madam Ifeoma don a buga shi a takarda. Uwata ta karanta ta miƙa wa Madam, ta fita ta tsaya kusa da babur. Madam ta fassara mini. Sun gode, masu nema sun yi yawa kuma duk sun cancanta, ba za su iya ba ta wuri ba, kuma ba sa bayar da dalili ga kowa. Na ce ko za a rubuta musu a tambaya ko harafin ne. Madam ta ce, "Alhaji, sun riga sun ce ba za su faɗa ba. Ka bar shi." Na ga idonta ya kawo ruwa, ta juya tana gyara takardu.

Malaminta ya zo ya yi mata nasiha, ya ce ga jami'o'inmu na gida, za su karɓe ta hannu bibbiyu. Ta ce to. Komai aka ce mata yanzu to take cewa. Tana taya mahaifiyarta aiki, tana salla, tana gaishe ni da safe. Littattafanta suna cikin akwati. Mahaifiyarta ta ce mini in za ta aika wa ƙawarta saƙon layi ɗaya a waya sai ta daɗe tana gogewa tana sakewa, ƙarshe ta ajiye wayar ba ta aika ba.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na jawo kujera na zauna. Ban taɓa ba ɗana haƙuri ba tun da na fara haihuwa, ban san ta inda ake farawa ba.

Na ce, "Uwata, laifina ne. Kin ce za ki ƙara karantawa na hana ki. Da na yi haƙuri na minti biyar da kin ga harafin nan. Ki yafe mini."

Ta daina tsintar. Ta ce, "Baba, don Allah ka bar faɗar haka. Ba abin da ka yi mini."

Na ce, "Na yi. Harafin nan ne ya jawo komai."

Ta ajiye farantin shinkafar a ƙasa. Sannan ta ce, "Wallahi Baba, kullum roƙon Allah nake Ya sa harafin ne. In shi ne, na san kuskure na yi, kowa yana yi. Amma ai ba su ma gan shi ba sai da na nuna musu. Sun karanta ni duka, sun gan ni ido da ido, suka ce a'a. Abin da nake tsoro ke nan. Kada ya zama ba harafin ba ne, ni ce."

Na nemi abin da zan ce mata. Ina da shekara hamsin da takwas, na yi wa mutane ta'aziyya ba adadi, na san kalmomin da ake faɗa. Babu ɗaya da ta dace. Na jawo farantin tsakaninmu na sa hannu, muka ci gaba da tsintar shinkafar har aka kira magariba.